Tulun Iya Abeke

Oke-Isun, 9 ga Janairu, 1999

'Yata Morenike,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya mijinki Damilare, yaya kuma jikana Ayomikun? Ina fata haƙoran da suka hana ku barci sun fito lafiya. Ni ina nan yadda kika bar ni. Gwiwa ce kawai take tuna mini da shekaruna duk lokacin da zan hau matakalar coci.

Ga babi na ɗaya da na biyu na tarihin Cocin Barnaba Mai Tsarki, na ba Rasaki direba ya kawo miki. Ki buga mini su da tafiretar ofishinku. Da kwamitin bikin cika shekara ɗari ya ɗora mini aikin nan, cewa aka yi mutum uku za su taya ni. Ɗaya ya mutu kafin Kirsimeti, ɗaya yana Akure ana fama da idonsa, na ukun kuwa Baba Ogunlade ne, wanda duk tarihin duniya daga ƙofar gidan kakansa yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. Wai don na yi hedimasta shekara talatin shi ya sa ba na gajiya da rubutu. Na gaji, Morenike.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar Lahadi Rabaran Falodun, limamin nan da yake zagaya ƙauyuka uku a kan babur, ya karanta mana takarda daga ofishin Bishop. An ce duk cocin da ya wuce shekara biyar ba a yi wa kowa baftisma a cikinsa ba, za a mai da shi ƙarƙashin na kusa da shi. Mu ke nan za a haɗa da cocin Odo-Ewa. Za su kwashe littattafan rajistarmu, liman ba zai ƙara zuwa ba, ƙofa kuma ba za a buɗe ta ba sai in an kawo gawa daga Legas. An ba mu zuwa ranar bikin, Lahadi 13 ga Yuni. In an rubuta suna ko guda ɗaya ne kafin ranar ta wuce, za a ƙyale mu.

Sunan ƙarshe a littafin na 1993 ne, yaron ma yana Fatakwal da iyayensa. Mu ashirin da biyu ne muke zuwa sujada yanzu, kuma autarmu Mama Dokas shekararta sittin da ɗaya. Da Rabaran ya gama karatu sai Baba Ogunlade ya juya ya dube ta ya ce, "To Dokas, sai ki yi ƙoƙari." Aka yi dariya.

Kin riga kin gane inda na dosa. Ki kawo Ayomikun. Kakana Josefu ne suna na farko a littafin nan, ni ina ciki, ke kina ciki. Na san cocinku na Legas yana da nasa tsarin. Ba cewa na yi ku bar shi ba. Safiya ɗaya nake roƙo.

Na sa doya shida da ɗan manja a motar Rasaki, ki ƙirga su a gabansa. Ubangiji ya tsare ku.

Mahaifinki,
Titus Adaramola

*

Agege, Legas, 30 ga Janairu, 1999

Baba mi,

Ina gaishe ku gwiwa biyu a ƙasa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Doya biyar ce ta iso. Rasaki ya rantse ta shidan a shingen 'yan sanda ta sauka.

Na buga babi biyun. Amma Baba, rubutunku ya lalace. Ku da kuke dukan hannunmu da rula in harafi ya karkace, yanzu sai na kai takarda bakin taga ina juya ta kafin in gane ko mutum ne ya mutu ko akuya.

Maganar Ayomikun, kun san a cocinmu ba a yi wa jariri baftisma, sai ya girma ya nema da bakinsa. Duk da haka na bi Damilare a hankali, kullum kaɗan kaɗan, har ranar Talata ya ce, "To, in ruwa ne kawai, a yi saboda tsoho." Har na fara tunanin ɗinkin da za mu yi. Sai daren Laraba na bar takardunku a kan tebur na shiga wanka. Ina fitowa na same shi a tsaye yana karanta babi na biyu, daidai wurin nan da kuka rubuta:

"Mahaifiyar Josefu ita ce mai tsaron tsafin maɓulɓular da ke ƙasan dutse. Ta ƙi addinin da ɗanta ya dawo da shi daga inda aka kai shi bawa, amma ta ce ba za a wanke jikokinta da ruwan kwata ba. Ita ta ɗebo ruwan baftisma ta farko, da asuba, ba ta gai da kowa ba, ba ta amsa wa kowa ba, yadda ake ɗebo wa abin bautarta. Har yau haka muke yi."

Ya dube ni ya ce, "Wannan ne ruwa kawai ɗin?"

Baba, dole ne sai kun rubuta wannan? Duk mun taso muna ganin Iya Abeke tana hawowa daga kwari da tulu a ka, bakinta a rufe, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mun ɗauka ladabi ne na coci. Ku rubuto wa Damilare ku ce labarin tsofaffi ne, ba ku tabbatar ba, ni kuma in cire layukan. Layi biyar ne kacal. In kun yi haka zan iya shawo kansa.

Ku riƙa shafa man da na aiko a gwiwar, ba ajiye shi za ku yi a kan taga kuna kallo ba. Ku gai da Iya Abeke da Mama Dokas.

'Yarku,
Morenike

*

Oke-Isun, 21 ga Fabrairu, 1999

Morenike,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki, na kuma ga aikinki. Kuskure huɗu ne kawai, na yi musu alama da jan biro.

Ashe kin shiga jam'iyyar Baba Ogunlade ban sani ba. Shi ma a taron kwamiti tashi ya yi yana buga sanda a ƙasa, wai in cire wurin. Ya ce, "Hedimasta, Bishop zai karanta abin nan fa! So kake a ce shekara ɗari muna wanka da ruwan tsafi?" Na ce masa, "Ogunlade, kai da aka tsoma ka a ciki ka fi shekara saba'in, in da zai mai da mutum wani abu ai da mun gani." Ya ce in cire, in sa labarin yadda kakansa ya ɗauko ƙararrawa a ka daga tashar jirgi. Na ce kakansa ya ɗauka na mil biyu, mutum goma sha ɗaya suka ɗauki sauran. Ba mu rabu da daɗi ba.

Ba zan cire ba. Ba labarin tsofaffi ba ne, daga bakin Josefu na ji, ina zaune a gindin kujerarsa. An kama shi a yaƙi yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu a hannun wasu, ya dawo da furfura da littafi ɗaya a jaka. Garin nan kaf ba wanda ya ba shi wurin zama sai uwarsa. Ba ta taɓa taka cocin ba har ta mutu, amma duk ranar baftisma za ka ga tulunta a bakin ƙofa, ita kuma ta juya ta tafi. In na goge ta daga littafin, me ya rage? Sunayen limamai da shekarar da aka sa kwano. Wannan ko Ogunlade zai iya rubutawa.

Amma don kada ki ce taurin kaina ne ya rufe coci, na je na sami Rabaran Falodun. Ya ce a wajen ikilisiya ruwa ruwa ne, ko na randa ko na sama. Saboda haka ki faɗa wa Damilare za a yi wa Ayomikun da ruwan tankin da ke bayan coci, wanda ya sauko daga sama kai tsaye bai biya ta wajen kowa ba. Na faɗa wa Iya Abeke haka, don kada ta ji a bakin wani. Shekara hamsin da takwas tana wannan aiki. Ta ci gaba da ɓarar agushinta kawai. Ban ji daɗin kaina ba a hanyar dawowa.

Ga babi na uku, na gobarar 1931 da ginin dutse. Kwana tara na yi a kansa. Wani lokaci sai in ajiye alƙalami in leƙa taga in ga kabarin mamarki, in tambayi kaina wa zai karanta duk wannan. Man yana aiki kaɗan.

Ubangiji ya albarkace ku.

Mahaifinki,
Titus Adaramola

*

Agege, Legas, 14 ga Maris, 1999

Zuwa ga Babanmu, Baba Titus Adaramola,

Ranku ya daɗe, ina kwanciya rub da ciki ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.

Matata ta nuna mini takardarku. Na gode da kuka sauko har kuka kawo maganar tanki. Na yi azumi na kwana uku a kan lamarin, na kuma nemi shawarar fastonmu. Baba, ba ruwan ne kaɗai ba. Kwanon dutsen da ake zuba shi a ciki ya sha wancan ruwan shekara ɗari. Kun san shekara tara muka yi muna jiran yaron nan, kun san abin da 'yarku ta sha a bakin mutane. A gaban bagaden cocinmu muka roƙe shi, a nan aka ba mu. Ba zan kai shi inda ban san wa zai ce yana da rabo a cikinsa ba.

Ban raina ku ba, ban raina cocinku ba. In ana bukatar buhun siminti ko kujerun haya don biki, ku faɗa mini. Amma Ayomikun ba zai zo ba. Ina roƙo kada a ƙara tayar da maganar, domin tana hana gidana zaman lafiya.

Ku yafe mini in na yi kaushin baki.

Ɗanku,
Damilare Oyebanji

*

Oke-Isun, 18 ga Afrilu, 1999

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gai da mutanen gidanki. Ki ce wa Damilare na ga takardarsa, ban riƙe shi ba. Siminti kuwa ya bar abinsa. Na yi shiru wata guda ne don ba ni da abin faɗa. Yanzu ina da shi, ki nemi wuri ki zauna.

Kwamiti ya ce a ƙarshen littafin a jera sunayen tsofaffin da suka rage, kowa da ranar baftismarsa. Aikin yini ɗaya na ɗauke shi. Na samo mutum ashirin da ɗaya. Na Iya Abeke na nema na rasa. Na bi littafi na farko da na biyu layi layi, har shafukan da gara ta ci na ɗaga su a rana. Na ce ko da wani suna aka rubuta ta. Sai na ɗauki sandata na tafi gidanta.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na ce, "Iya, wane suna aka ba ki ranar baftisma? Na duba ban gan ki ba."

Ta ce, "Ba za ka gan ni ba, Hedimasta."

Na ce, "Ko a Odo-Ewa aka yi miki?"

Ta ce, "Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Na zauna. Kin san daga gidan masu tsaron maɓulɓula aka auro ta, dangin uwar Josefu da ba su shiga coci ba. Ta ce da aka kawo ta, bin mijinta kawai ta riƙa yi ranar Lahadi, ta koyi waƙoƙi, ta ɗaura farin ɗankwali kamar kowa. A 1941 tsohuwar da ke ɗebo ruwa ta kwanta ciwo ana gobe za a yi wa yara bakwai baftisma. Matar katakis, wato malamin coci, ta zo ta dire mata tulu a gaba ta ce, "Ke kika san hanyar kwarin nan, ke za ki." Ba wanda ya tambaye ta komai. Dokar kuwa ita ce sai 'yar gari wadda aka yi wa baftisma take ɗaukar tulun. Ta ce ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga iyayen yaran sun riga sun yanka akuya. Ta ce bari ta yi sau ɗaya.

"To bayan sau ɗayan fa?" in ji ni.

Ta ce, "Bayan sau ɗayan in je in ce wa uwaye bakwai ruwan da aka zuba wa 'ya'yansu hannun arniya ne ya ɗebo? Wata uku aka sake kawo wasu biyar. Kullum abin ƙaruwa yake. Kai da ka iya ƙirga, su nawa ne yanzu?"

Na riga na ƙirga don littafin. Na ce ɗari shida da goma sha ɗaya.

Ta ce, "To ka gani."

Shi ya sa ba ta taɓa zuwa gaban bagade cin Jibin Ubangiji ba. Mu kuma duk muka ɗauka don ba a ɗaura aurenta a coci ba ne, kamar sauran matan da ke zama a bencin baya. Shekara hamsin da takwas muna zaune da matar nan, muna ba ta cinyar akuya ranar kowane suna, ba wanda ya taɓa cewa, Iya, ke fa?

Zan faɗa miki abin kunya. Tana cikin magana zuciyata ta yi tsalle, na ce a raina ga sunan da muke nema. Ta gani a fuskata. Ta ce, "Dube shi. Ni ina faɗa masa abin da ya hana ni barci tun kafin ya yi aure, shi littafinsa yake gani."

Na kawo mata Rabaran Falodun washegari. Ya rantse mata ba abin da ya sami baftismar kowa, duk ɗari shida da goma sha ɗayan suna nan daram. Ta sa shi ya maimaita sau uku. Sannan ta yi kuka, irin na tsofaffi da ba ya fitar da sauti. Ya ce ko gobe take so zai yi mata, ga tanki cike. Nan ta share ido ta ce, "Ɗana, shekara hamsin da takwas ina sauka kwarin nan bakina a rufe saboda 'ya'yan wasu. Ni ce za a wanke da ruwan da ya bi ta kan tsatsar kwano da kashin tsuntsu? A ɗebo mini yadda na ɗebo wa mutane, ko a bar ni yadda nake."

Ita ba za ta ɗebo wa kanta ba, ko da ƙafarta za ta iya, kuma ba za ta iya ba. Namiji ba ya taɓa tulun. Matan da suka rage kin san su, hawa matakala uku ma sai an riƙe su. Ana bukatar 'yar garin nan, wadda aka yi wa baftisma, mai sauran ƙarfi a ƙafa.

Ba Ayomikun nake roƙo ba yanzu. Ke nake roƙo.

Ubangiji ya ba ki hikima.

Mahaifinki

*

Agege, Legas, 2 ga Mayu, 1999

Baba mi,

Ina durƙusawa ina gaishe ku. Na karanta takardarku a cikin mota a hanyar ofis, har na wuce inda zan sauka.

Na tuna ina 'yar shekara takwas, ni da ƙawata Folake muka laɓe a bayan bishiyar goro muka jira Iya Abeke ta hawo da tulu. Muka yi ta gaishe ta, muka yi mata gwalo, Folake har ta ce gidanta ya kama wuta, duk don ta yi magana. Ko kallonmu ba ta yi ba. Da yamma ta kira mu, mun ɗauka duka ne, sai ta ba mu gasasshiyar masara. Tun ranar Laraba nake ganin fuskarta.

Amma Baba, kun san abin da kuke nema kuwa? Yaron da za a ɗiga wa ruwan tanki ma an hana, balle ni in sauka da ƙafata har bakin maɓulɓular, in yi abin yadda masu tsafin suke yi. Na gwada faɗa wa Damilare. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "In kika sauka kwarin nan, ban san da wane hannu za ki dawo ki ɗauki ɗana ba." Babarsa tana nan tare da mu tun Ista, ta ji komai, tun ranar ko goyon yaron ba ta bari in yi sai ta tsaya a kaina.

Ku ba ku zauna a gidan nan shekara tara ba. Ba ku ji ana tambayar mijinku a gabanku ko kaza ya aura ko zakara ba. Ni ma ba wai na yarda akwai wani abu a ruwan ba ne. Amma in na je na dawo yaron nan ya yi ko zazzaɓi ne, ina zan sa kaina? Ni kaina sai in ce ni ce.

Na gaji, Baba. Na gaji da layin mai, na gaji da zama tsakaninku da shi kowa yana ja. Kuna da 'ya'yan gari cike da Legas da Ibadan, masu zuwa da manyan motoci ranar jana'iza. Ku rubuta musu. Me ya sa kullum sai 'yar Hedimasta?

Ba zan iya ba. Ku yafe mini, ku kuma roƙar mini Iya. Ga babi na uku da na huɗu na buga.

'Yarku,
Morenike

*

Oke-Isun, 27 ga Mayu, 1999

Morenike, 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji, kuma ban ga laifinki ba. Aurenki ba abin wasa ba ne, ni ma ban aurar da ke don ki dawo mini ba.

Na bi shawararki, na rubuta wa mata tara. Uku suka amsa. Ɗaya ta ce hawan jini, ɗaya ta ce cocinsu ya hana, Folake ƙawarki kuma ta aiko da atamfa turmi biyu a yi ankon biki. Mama Dokas ta ce ita za ta gwada. Ranar Asabar ta ɗauki bokiti don ta auna ƙafarta, ga damina ta sa hanyar ta yi santsi. A lanƙwasar hanya ta uku ta zame ta kurma ihu tana kiran Yesu, har a kasuwa an ji. Yanzu tana kwance da ciwon ƙugu. Ogunlade ya je dubiya ya ce mata, "Ke da ko a cikin addu'a ba kya iya shiru, wa ya aike ki?"

Na koma wajen Iya Abeke na roƙe ta ta karɓi ruwan tankin. Na ce mata ba don littafi ba, na rantse, kuma a wannan karon gaskiya na faɗa. Su zo su kwashe littattafan. Cocin da sai tsohuwa mai shekara tamanin da uku ce za ta cece shi, ko an ƙyale shi bana, shekara biyar masu zuwa wa za mu samo? Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar nan ta mutu a bencin baya. Ta ce, "Hedimasta, na jira hamsin da takwas. In babu mai ɗebowa, babu ke nan. Shi wanda ake yi dominsa ya san inda nake zama." Ta wanke tulun ta kife shi a bayan ɗaki. Jikinta ba daɗi kwanan nan, abinci sai an matsa mata.

Na naɗe littattafan rajista uku a cikin zanen mamarki, wanda take ɗaurawa ranar godiyar kaka, don in sun zo ɗauka kada su jefa su a bayan babur haka nan. Kafin in naɗe na buɗe shafinki. 4 ga Agusta, 1963. A gefen sunanki katakis na lokacin ya yi ɗan rubutu da fensir, na manta da shi sam sai da na gani: "Kunama ta harbi mai ruwa a bakin maɓulɓula. Ta iso da tulu ba ta yi magana ba." Na tuna ranar. Sai da ta dire tulun a ƙofar coci sannan ta zube tana riƙe da ƙafa, mu kuma muna ciki muna ta fama da ke kina tsala kuka. Ban faɗa miki wannan don in matsa miki ba. Tarihi ne, kuma naki ne.

Ga babi na ƙarshe, shafi ɗaya da rabi ne. Na rubuta har zuwa takardar Bishop na tsaya. Ki bar wurin layi biyu a ƙasa, zan cike da hannu bayan ranar 13, in na ga yadda ta kasance. Ki ba Rasaki kafin ranar 5 don mai buga littafi a garin Ado yana jira.

Ki shafa mini kan Ayomikun. Ubangiji ya sa ya fi mu jin daɗin duniya.

Mahaifinki,
Titus Adaramola

*

Agege, Legas, 3 ga Yuni, 1999

Baba mi,

Ina gaishe ku. Ga babin, na bar layi biyun.

Kun faɗa don ku matsa mini ne. Na san ku.

Damilare bai yarda ba. Na faɗa masa a gaban babarsa, ban ɓoye komai ba. Ayomikun zai zauna a wajensu. Abin da zan tarar in na dawo ban sani ba, kada kuma ku tambaye ni in na zo.

Zan biyo Rasaki ranar Asabar 12 ga wata. Ku ce wa Iya ta ci abinci, ta kuma sa a tayar da tulun a ajiye mini a bakin ƙofarku. A nemo mini gammo, na manta yadda ake naɗa shi. Ku kwance zanen Mama daga kan littattafan, shi zan ɗaura.

Na san ku da tashin asuba ku zauna a baranda. Ranar Lahadi zan fito in wuce ta gabanku ba zan durƙusa ba, ba zan ce muku komai ba, in kun yi magana ba zan amsa ba. Tunda aka haife ni ban taɓa yi muku haka ba. Saboda haka ga gaisuwar safiyar ranar na aiko tun yanzu, gwiwa biyu a ƙasa: Baba, kun tashi lafiya?

Ku riƙe amsar sai na hawo.

'Yarku,
Morenike